Ra'ayi: Kafin a ɗora zarto a kan sifirin 504

Ranar 1 ga watan Janairun 2024 wata doka ta fara aiki a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ta soke haramcin da aka shafe sama da shekara 60 ana yi wa motocin da aka tsugunar da su har cikinsu ya kusa shafar kwalta. Gwamna Gavin Newsom ne ya sa mata hannu a watan Oktoban 2023. Masu irin waɗannan motoci, waɗanda galibinsu ƴaƴa da jikokin ƴan Meksiko ne da suka zauna a kudancin jihar, sun ɗauki abin a matsayin nasarar da suka daɗe suna jira. Hotunan motocin nasu kuwa ba su tsaya a can ba. Wayar salula ta kai su har fadojin unguwar Zariya a Maraɗi, da Birni a Damagaram, da Bukoki a Yamai, inda ake zuba shayi ana kallon Chevrolet Impala ta 1964 tana tafiya a hankali, hancinta a ƙasa, fentinta na ɗaukar ido.

A gidaje da dama kuma akwai wata tsohuwar mota da ke ajiye ƙarƙashin rumfa: 504 ta mahaifi, ko Mercedes 190 da wani kawu ya turo daga Beljiyam shekarun baya. Ba abin mamaki ba ne idan matashin da ya gaje ta ya dube ta, ya dubi abin da ke cikin wayarsa, ya ga cewa tazarar da ke tsakanin tayar gaba da jikin motar ta yi yawa, ta sa motar ta yi kama da ta ɗaukar buhunan gero. Maganin da ya fi kusa da hannu sananne ne. A kai ta gareji, a kwance sifirin gaba, wato resor a bakin makanikai, a datse zagaye ɗaya ko biyu, a mayar. Kafin la'asar mota ta sunkuya, kuma kuɗin aikin bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.

Wannan shawara ce mara kyau. Ba don ado laifi ne ba, ba kuma don ƙin abin zamani ba. Mota ta mai ita ce, shi ya san abin da ke faranta masa rai. Matsalar ita ce abin da zarton ke yankewa ya wuce ƙarfen da ido ke gani, kuma hanyoyin Nijar ba sa yafe irin wannan kuskure.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro al'adar sun gane haka tun da wuri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne matasan unguwannin gabashin Los Angeles suka fara tsugunar da tsofaffin motocinsu, wasu da buhunan yashi a but, wasu da yanke sifiri. Ba gudu suke nema ba, so suke a gan su suna wucewa a hankali. A 1958 hukumomin Kalifoniya suka hana duk motar da aka sauya ta har wani ɓangare na jikinta ya yi ƙasa da bakin ƙarfen taya. Shekara guda bayan haka wani matashi mai suna Ron Aguirre ya fito da Corvette ɗinsa da ya saka wa famfunan mai na tsofaffin jiragen sama, yana cikin na farko da suka yi haka: ya danna maɓalli mota ta kwanta, ya hango ɗan sanda ko tudu ya danna ta miƙe. Ke nan ko a birnin da kwalta ta shimfiɗu ko'ina, gwanayen abin ba su yarda da motar da ta tsuguna ba za ta iya tashi ba. Wanda ya yanke sifiri a Tawa ya kwaikwayi rabin dabarar ne kawai, rabin da ba shi da mafita.

Ita kuwa 504 labarinta daban ne, kuma ya kamata matashin da ke riƙe da makullinta ya san shi. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, tseren da a lokacin ake ɗauka a matsayin wanda ya fi kowane karya mota a duniya. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, ta ci gaba da haɗa 504 kusan shekara 30, tun bayan da Turai ta daina yin ta da daɗewa. Dattawan Agadas da Arlit ba su manta da shekarun 1980 ba, lokacin da Turawa ke kora tsofaffin 504 daga Faransa da Jamus, su ratsa Tamanrasset su shigo ta Assamaka, su sayar da su a Nijar su hau jirgi su koma. Motar da ta riga ta tsufa a Turai ce ke ƙetare Sahara da ƙafafunta, sannan ta sake wata rayuwar tana jigilar mutane tsakanin Maraɗi da Katsina ko Damagaram da Kano.

Ba ƙarfin inji ne ya ba ta wannan suna ba, domin injinta bai fi na takwarorinta ba. Tsayin cikinta daga ƙasa ne, da doguwar tafiyar da tayoyinta ke iya yi sama da ƙasa kafin ƙarfe ya bugi ƙarfe. Wannan tazarar da matashi ke gani a matsayin muni, ita ce ainihin motar. Hasali ma, da wani injiniyan yankin Alsace mai suna Henri Dangel ya so ya inganta 504 daga 1980, ɗaga ta ya ƙara yi, ya mayar da ita mai jan taya huɗu. Duk wanda ya san motar sosai, sama ya kai ta.

To me ke faruwa idan aka datse sifirin? Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sifirin da aka gajarta tauri yake ƙarawa. Taushinsa ya dogara ne da yawan zagayen da ke aiki. A ce yana da zagaye 8 masu aiki aka cire 1, taurinsa zai ƙaru da kashi 14 cikin 100 ko kusa da haka. Wani zai ce ai wannan alheri ne, tunda motar da ta yi ƙasa tana bukatar tauri. Sai dai lissafin bai daidaita ba. A ce tayar gaba tana da santimita 10 na tafiya sama kafin ta kai maƙura, aka sauke motar da santimita 5. An kwashe rabin tafiyar ke nan, alhali taurin da aka samu bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba. Ramin da a da motar ke haɗiyewa ba tare da fasinja ya farka ba, yanzu zai kai taya maƙura, bugun ya wuce kai tsaye zuwa jikin motar. A 504 kan shokazoba yana ɗaure ne a jikin fallen ƙarfen da ke gefen inji, fallen da ya shekara 40 yana shan tsatsa da zafi. Nan ne yake fara tsagewa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. An yi tsawon sifirin ne yadda ko da taya ta sauka har ƙarshenta, misali idan mota ta yi tsalle a kan tudu, zai ci gaba da zama a matse cikin mazauninsa. Idan ya gajarce, a irin wannan lokaci sai ya saki, ya yi lilo, wani lokaci ya koma a karkace. Ƙarshensa ma da masana'anta ta lanƙwasa don ya zauna daram an riga an datse shi. Sifirin da ya goce daga mazauninsa yana iya gogar taya ko tiyon birki, kuma ba ya sanarwa kafin ya yi.

Masu amfani da wutar walda sun fi masu zarto ɓarna. Su ba sa ma kwance komai, suna dafa zagaye ɗaya ne har ya yi ja, nauyin motar ya danne shi. Ƙarfen sifiri kuwa an gasa shi ne da ma'auni a masana'anta, daga nan ya samu halin lanƙwasuwa ya dawo. Wuta na kashe wannan hali a daidai inda ta taɓa. Ba wanda zai iya dafa na dama da na hagu su zo daidai, don haka motar ke fitowa da ɗan karkata, bayan wata uku ta ƙara zama, wata rana kuma ƙarfen ya karye a inda aka ƙona shi. Araha dai ba ta ado.

Ko da an yi yankan da tsafta, akwai lissafin da ke ɓoye a ƙarƙashin mota wanda shi ma ya rushe. Hannun ƙarfen da ke riƙe da taya daga ƙasa, da sandar da ke kawo umarnin sitiyari, an tsara su ne su kwanta kusan a miƙe idan mota na tsaye da nauyinta na yau da kullum. Da an sauke gaba, sai su koma a karkace. Daga nan duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, sandar sitiyarin na ɗan jawo ta ciki ko ta tura ta waje, ba tare da direba ya motsa hannunsa ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba a ji sosai. A kan hanyar jar ƙasa mai ƙunya-ƙunya, inda taya ke rawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, motar ce ke zaɓen inda za ta. Gaɓoɓin da makanikai ke kira rotil su ma suna aiki ne a bakin iyakar lanƙwasarsu, su ci da wuri. Taya kuma ta kwanta ciki daga sama, gefenta na ciki ya cinye alhali na waje yana nan sabo, inda mai motar ba zai lura ba sai ya durƙusa.

Sauke gaba kaɗai, a bar baya yadda yake, shi ne abin da aka fi so saboda yana ba mota kamannin mai shirin zabura. Nan ma akwai kuɗin da ake biya. Tsakanin tayar gaba da ta baya na 504 mai but santimita 274 ne. Idan gaba ya sauka da santimita 5, motar gaba ɗayanta ta sunkuya da kusan digiri 1. Ƙafafun gaba na mota an ɗan kwantar da su baya daga sama, kamar yadda ƙahon keke ko na babur yake, kuma wannan kwanciyar ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana, mota ta riƙe hanya a miƙe. Digiri ƙalilan ne dama. An cire ɗaya daga ciki, sitiyari ya yi sauƙi a hannu, har mai motar ya ji daɗi a cikin gari. Sai ya hau babbar hanya ta 1 ya wuce Gidan Rumji, babbar mota ta gifta shi da iskarta, sannan zai ji motar na yawo a hannunsa.

Fitila ma ta bi sahu, kuma wannan ne abin da kusan kowa ke mantawa. Ƙaramar fitila ana saita ta ne ta sauka da kamar santimita 1 a kowace mita. A ce tsayinta daga ƙasa santimita 65 ne, haskenta zai kai mita 65 kafin ya faɗi a kwalta. Sunkuyar da aka ƙara wa motar ta kai kusan santimita 2 a kowace mita, fitilar kanta kuma ta yi ƙasa. Idan ba a sake saita ta ba, hasken zai ƙare a mita 20 da ƴan kai. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa ɗaya ke nan tsakanin ganin amalanken jaki mara fitila a bakin Tasawa da isa gare shi. Gyaran ba shi da wuya, sukurudireba da bango kawai ake bukata, amma wanda ya yanke sifiri don ya rage kuɗi ba kasafai yake tunawa da shi ba.

Duk wannan kafin a zo ga abin da kowa ya sani, wato ƙasa. A ƙarƙashin injin akwai karter, kwanon da man inji ke taruwa a ciki, kuma yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa a gaban mota. Tudun rage gudu, wanda Faransawa ke kira bayan jaki, a unguwanni da yawa mazauna ne ke gina shi da kansu bayan an kaɗe yaro, kuma ba su da ma'auni sai fushinsu. Lungunan da ba kwalta suna da yashi mai tudu a tsakiya, inda tayoyin manyan motoci suka haƙa gefe biyu. Da damana kori na kawo ruwa ya bar duwatsu a kan hanya, kuma wanda ya ga abin da ruwan 2024 ya yi wa titunan Maraɗi da hanyoyin fita Yamai ba ya bukatar a yi masa bayani. Karter da ya fashe yana zubar da mansa cikin ƴan mintuna. Direban da bai lura da jar fitilar gabansa ba zai ji injin ya kama, kuma injin 504 na kirki ba a kan tebur ake samunsa a kasuwar Katako ba yau.

Masu son tsugunar da mota suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Gaskiya ne motar da nauyinta ya yi ƙasa ba ta cika kwanciya a kwana ba, gaskiya ne motocin tseren kwalta a ƙasa suke. Amma waɗancan ba yanke musu sifiri aka yi ba. An sauya musu shokazoba da gajeru waɗanda aka yi don wannan tsayin, an gyara mazaunin sanduna, an auna komai a kan na'ura. A irin ƙafar gaba da 504 ke da ita, saukewa da yawa ba tare da wannan gyara ba na iya sa motar ta fi kwanciya a kwana fiye da da, saboda wurin da jikinta ke juyawa a kai yana faɗuwa fiye da yadda nauyinta ya faɗi. An nemi gira ke nan an taɓa ido. Kuma motocin tseren da suka yi suna a ƙasa irin ta Nijar, waɗanda suka ratsa Agadas da Yamai tun tseren Paris zuwa Dakar na farko a farkon 1979, ba a ƙasa suke ba.

Wata hujjar ta fi ƙarfi. Da yawa daga tsofaffin motocin nan gabansu ya ɗaga sama ne da gaske, kamar jirgi mai shirin tashi, kuma abin ba kyan gani. Sai dai laifin ba na gaba ba ne. Baya ne ya zauna, bayan shekaru na ɗaukar mutum tara da buhunan albasa. Wanda ya datse gaba don ya daidaita da bayan da ya gaji, ya sauke motar duka ke nan, ya haɗa cuta biyu. Sabon sifirin baya, ko na hannu mai lafiya, shi ke mayar da ita yadda masu zanen Pininfarina suka fitar da ita, da ɗan sunkuyawar da take da ita tun asali. Mutane da yawa da ke ganin suna son mota mai tsuguno, abin da suke nema a zahiri shi ne motar da ta daina zama da gindi.

Ba kowace tsohuwar mota ce hukuncinta ɗaya ba, wannan ma gaskiya ne. Volkswagen Beetle, wadda masu Faransanci ke kira Coccinelle kuma aka taɓa haɗa ta a Legas daga 1975, yawancinta ba ta da sifiri mai zagaye a gaba. Bututu biyu ne a kwance, cikinsu da faya-fayen ƙarfe da ke murɗuwa, injin kuma yana baya. Tun ƙarshen shekarun 1960 matasan gundumar Orange a Kalifoniya suka mayar da sauke gabanta salo na musamman, kuma cikin shekaru sama da 50 an samar da kayan yin haka yadda ya kamata. Akwai abin saiti da ake waldawa a tsakiyar bututun, wanda ke ba da damar a sauke yau a ɗaga gobe. Akwai kuma ƙafar taya da aka ƙera da gatarinta a sama da inda yake a asali, wadda ke sauke motar da kamar santimita 6 ba tare da an taɓa tafiyar shokazoba ba. Masu abin kuma sun san dole a cusa ɗan ƙarfe a bayan bututun ƙasa don a mayar da kwanciyar ƙafar da aka rasa. Zare faya-fayen ƙarfen daga cikin bututu, wanda shi ne yankan sifiri na Beetle, su ma ba sa ganin girman mai yin sa.

Mercedes kuwa ita da kanta ta bar ƙofa a buɗe. A 190 da W124 akwai roba da ke zaune a saman sifirin gaba, wadda kamfanin ya yi ta kauri huɗu, daga milimita 8 zuwa 23. Motar da ke ɗauke da mai kauri ana iya sauya mata da siririya, kuma tunda sifirin yana zaune ne a tsakiyar hannun ƙarfen ba a bakin taya ba, saukar da ake samu ta ɗan fi bambancin robar. Ba yawa, amma ido na gani, kuma ranar da aka gaji sai a mayar da tsohuwar. Gargaɗi ɗaya: sifirin gaban Mercedes dogo ne kuma a matse yake ƙwarai, fitar da shi da jak da igiya ba tare da abin matse shi na musamman ba ya sha raunata mutane. Yaran gareji ne ke durƙushe a gabansa, ba mai motar ba.

Ga ƴan Nijar mazauna waje abin yana da wata fuska. Wanda ke Faransa ya sayi 504 ko 404 don sha'awa, takardar motar tarihi ana ba da ita ne ga motar da ta kai shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya muhimman siffofinta ba. Ita ce ke sa a riƙa kai ta binciken lafiya duk shekara 5 maimakon duk shekara 2. A Jamus, lambar da ke ƙarewa da harafin H, wadda aka fara bayarwa a 1997, ita ma tana neman shekara 30 da mota mai kama da asalinta, sai dai tana yarda da sauyin da aka saba yi a zamanin motar. Sifirin saukewa a can dole ya zo da takardar amincewa, wanda aka datse da hannu kuwa ba zai wuce gaban masu bincike ba, kuma yana iya zama hujjar da kamfanin inshora zai kafa ranar da aka yi haɗari. Dokokin nan suna da takura, amma sun tilasta wa mai sha'awa ya yi abin da kyau ko ya bari.

Matsalar na tasowa ne ranar da za a turo mota gida. Ɗan'uwa ya je unguwar Heyvaert a Brussels ko wata kasuwar motoci a Jamus, ya ga Mercedes ko BMW da wani matashin can ya sauke ta, da manyan ƙarafan taya da siririyar roba, ya ce wannan ita za ta burge a rakiyar amarya. Za ta burge kuwa, daga ƙofar gidan biki zuwa tudu na farko. Tun bayan rufe iyakar Benin a 2023 hanyar kawo kaya ta ƙara tsawo da tsada, kayan gyara na tsofaffin motoci kuma ba su ƙara yawa ba. Wanda zai kashe kuɗin jirgin ruwa da na duwan, ya fi masa sauƙi ya sa a mayar wa motar sifirinta na asali tun tana can, inda ake samunsa, ko aƙalla ya jefa guda huɗu na asali a but kafin a rufe ta. A gida neman su zai fi kuɗinsu wahala.

Akwai kuma batun daraja, wanda magada ba su cika lura da shi ba. Motocin nan suna ƙarewa. Kowace shekara wasu na tafiya wurin masu sayen tsohon ƙarfe, wasu a yanka su a gyara wasu. 504 da ta rage da jikinta lafiya, da kujerunta da ƙarafanta na asali, ta fara zama abin da masu tarawa ke nema, kuma abin da suke fara dubawa shi ne ko an taɓa ta. Fenti ana sake shi, rediyo ana cire shi. Jikin da ya tsage a mazaunin shokazoba aka yi masa faci da walda kuwa, duk mai saye da ya buɗe bonet zai gani, kuma zai rage kuɗinsa daidai da abin da ya gani.

Makanikai ma suna da nasu rabon. Babban gareji ba ya rasa ubangida da ya yi shekara 30 yana kwance 504, wanda ya san duk abin da aka faɗa a nan da hannunsa ko da bai taɓa lissafa shi a takarda ba. Idan yaro ya zo da motar mahaifinsa ya ce a datse, shi ne mutum na ƙarshe da zai iya cewa a'a, ko ya ce ga yadda za a yi. Jika biyar ko goma na aikin ba su kai sunan garejin ba ranar da aka ce motar da ta bar hanya a wurinsa aka taɓa ta. Motar kuma ba mai ita kaɗai take ɗauka ba. Ita ce za a tayar da tsakar dare a kai mai naƙuda asibiti ta lungun da ruwa ya cinye, ita ce za ta kai tsohuwa ƙauye gaisuwar rasuwa.

Wanda duk da haka ya ƙudurta sai ya sauke gaban motarsa, akwai iyakar da hankali zai ɗauka. Santimita 2 zuwa 3 sun isa ido ya ga bambanci. A yi shi da sifirin da aka ƙera don wannan motar, tare da shokazoba da ta dace da shi, a auna tsayin kowane gefe kafin aiki da bayansa a kan daɓe mai lebur, a kai ta a daidaita tayoyi, a saita fitila, a ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin karter kamar yadda masu ƙetare Sahara ke yi. Sifirin asali kuma a shafa masa mai a ajiye a ɗaki.

Ita ma tsohuwar dokar Kalifoniya ta 1958, duk da cewa ƴan Meksiko sun daɗe suna kukan an yi amfani da ita wajen takura musu, ma'aunin da ke cikinta yana da dalili. Idan taya ta fashe, mota na sauka ne a kan ƙarfen tayar. Duk abin da ya fi bakin wannan ƙarfen ƙasa, shi zai fara cakar kwalta, kuma a guje hakan na iya juya mota. Gwajin ba ya bukatar na'ura: a tsayar da motar a wuri mai lebur, a sace iskar tayar gaba ɗaya har ƙarfenta ya kusa zama, a durƙusa a leƙa. Idan karter, ko salansa, ko wata gaɓar ƙafa ta riga ta taɓa ƙasa, an wuce gona da iri, sai a ɗaga ta kafin ta fita daga garejin.